Farin Haƙori Ɗaya a Bakin Maci Goro

Shinkafar tallafi ce ta karya mini haƙori. Na faɗa tun da fari don kada wani ya ce dambe na yi da tsufana.

Mai Girma Gatan Talakawa, Inuwar Marasa Rumfa, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda ina da iyali, shi ya tuna da mu a unguwa. Aka tara mu a fili tun rana tana da kunya har ta daina. Da layi ya zo kaina aka aza mini buhu guda a kafaɗa, aka ce in yi murmushi, na yi, aka ɗauki hoto. Sai aka sauke buhun aka aza wa na bayana, ni kuma aka miƙo mini rabona a baƙar leda. Ban yi fushi ba. Buhun nan ya fi kowa wahala a ranar, don ya hau kafaɗar duk wani magidanci da ke unguwarmu, kuma a motar da ya zo a cikinta ya koma.

Matata Ruka ta zauna da faifai tana tsince shinkafar. Can ta ce, "Malam, ka tambayo mana ko za su ƙaro, na kusa samun abin daɓen ƙofar ɗaki." Ta tsince abin da ido zai gani, amma tsakuwa ɗaya ta tsere mata. Ina kai loma ta uku na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na tofa a tafin hannu, sai ga tsakuwa lafiyarta ƙalau, ga rabin haƙorina na gaba kwance kusa da ita.

Zan yi adalci, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haƙorin nan ya daɗe da baƙin kogo a gefe. Ina sane. In ya motsa in tura masa kanumfari, in ya kwanta in ce Allah ya kawo sauƙi. Tsakuwar Mai Girma ƙarasawa kawai ta yi.

To, wani zai ce dattijo kamar Mahmudu, me ya rage masa da kwalliya? Ba kwalliya ba ce. Ni dillalin shanu ne a kara, kuma dillali ba shi da shago, ba shi da sito, jarinsa bakinsa. Mai saniya ya ba ka igiya saboda ya yarda da bakinka, mai saye ya zaro kuɗi saboda ya kalli fuskarka ya ga ba ka ɓoye komai ba. Ni kuwa tun da abin ya faru hannuna ya koma gadin bakina. In zan yi magana in kare, in zan yi dariya in kare. Kuma duk wanda ya san kara ya san dillalin da ke magana ta bayan tafin hannu, ana ɗauka akwai wani farashin da yake raɗa wa wani.

Buba ne ya fara tsayar da ni. Buba makiyayi ne daga wajen Mashegu, igiyar shanun gidansu a hannuna take tun zamanin mahaifinsa. Ya kawo sa mai kyau, mai saye ya taya, ni ina ta amsa masa ta bayan hannu. Mutumin ya dube ni, ya dubi san, ya ce bari ya zagaya ya dawo. Ya zagaya ya faɗa hannun Ɗayyabu, wani matashin dillali mai haƙora reras kamar an jera farin wake.

Buba ya jingina da sandarsa ya ce, "Kaɗo, me ka ɓoye a bakin nan? In kuɗi ne fito da su mu raba."

Na janye hannu na nuna masa. Ya leƙa a tsanake, irin leƙen da ni nake yi wa shanunsa.

Ya ce, "Wannan ne ya hana ka magana? Duk garkena babu mai haƙorin gaba a sama ko ɗaya, ka taɓa ganin saniya ta kare baki?"

Na ce, "Saniya ba ta ciniki, Arɗo."

Ya ce, "Kai ma yau ba ka yi ba." Sannan ya sauke murya. "Mahmudu, ina da bijimai da zan fitar kafin damina ta kankama, da su zan sayi hatsin gida da dusa. Ba zan iya kai su in dawo da su ba. In hannunka yana kan bakinka, ba shi da wurin riƙe igiya."

Ba da wasa ya faɗa ba. Kuma in Buba ya miƙa wa Ɗayyabu igiya a gaban jama'a, sauran Fulanin da ke kawo mini ba sai an yi musu bayani ba.

Washegari na nufi wani ɗakin duba haƙori na hukuma da aka buɗe mana da kiɗa da algaita shekarun baya. Ina wurin ranar, har da ni a masu tafi. Ranka ya daɗe Mai Almakashi ya zo da kansa, ya yanka ƙyalle, ya ce daga yau ciwon haƙori ya zama tarihi. Gaskiya ya faɗa, don ɗakin ma ya zama tarihi. Fentin waje yana nan fes. A ciki kujerar tana nan cikin ledarta kamar kayan lefe, wani bawan Allah ya shanya sallayarsa a kanta.

Na ce ciko nake so a yi mini.

Ya ce, "Baba, kujerar ba a haɗa ta ba. Ana jiran mai haɗawa."

Na ce, "Shi yana ina?"

Ya ce, "Yana jiran a sa hannu."

"Mai sa hannun fa?"

"An yi masa canjin wurin aiki. Amma muna cirewa, Baba. Cirewa ba ta bukatar wuta."

Na gode masa na fito da haƙorina a bakina. Wannan ita ce hikimar manyanmu a ko'ina: abin da ya lalace a tumɓuke shi. Rumfa ta tsufa a rushe, itace ya karkata a sare. Gyara yana son haƙuri, haƙuri kuma ba a ware masa kaso ba.

Daga nan aka kwatanta mini wata likitar haƙori mai zaman kanta, Likita Salome, 'yar wajen Auna, a saman wani jerin shaguna. Ta zaunar da ni a kujerar da ke kwanciya da mutum ba tare da shawararsa ba. Ta sa safar hannu, ta kama leɓena ta ɗaga sama. Jama'a, wanzami ba ya son jarfa. Rayuwata duka ina ɗaga leɓen shanu ina karanta shekarunsu, ban taɓa tambayar kaina yadda suke ji ba. Yanzu na sani, kuma ina neman afuwarsu.

Da ta sake ni na ce, "To, Likita, shekaruna nawa?"

Ta ce, "Baba, goro ya rufe lissafin."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce haƙorin bai mutu ba, ruɓar ba ta kai jijiya ba, za a iya ceto shi. Ta ce a da da wani baƙin ƙarfe ake cikewa, mai kama da dalma, in mutum ya yi hamma sai ka hango shi. Yanzu akwai wani abu mai laushi kamar ƙullu, launin haƙori, ana gina shi a jikin haƙorin ya daskare ya zama kamar da shi aka haife ka. "In an yi shi daidai," in ji ta, "ko matarka ba za ta gane wanne ne ba."

Sai ta ɗauko wani ɗan allo da aka jera wa haƙoran roba, daga fari tas kamar kindirmo har zuwa mai ɗan duhu kamar man shanu. Da shi ake zaɓen launin da ya dace da bakin mutum. Ta kara na farko a jikin nawa, ta girgiza kai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙure allon. Babu nawa. Wanda ya ƙera allon nan bai taɓa zama da maci goro ba. Ni kuwa tun ina saurayi goro ne karin kumallona, shi ne abokin hirata, haƙorana launin jar ƙasar hanyar Dukku suke.

Ta ce, "Baba, wannan jan ba naka ba ne, na goro ne. Sai an wanke haƙoran, an kankare, launinka na gaskiya ya fito, sannan mu zaɓi wanda ya yi daidai da shi."

A nan wayona ya tashi, kuma duk inda wayona ya tashi asara tana kusa. Na ce a raina, yarinyar nan dillanci za ta koya mini: na zo da ciniki ɗaya tana so ta haɗa mini da na biyu. Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Maganar da ta yi ce ta cewa ba wanda zai gane. Wato in ciro kuɗina masu gumi, in biya, a yi aiki, kuma kowa ya kalle ni ya ga kamar ba a yi komai ba?

Na sa yatsa a kan na farkon allon, mai farin kindirmo. Na ce, "Wannan."

Ta ce, "Baba, zai zama kamar farar tunkiya cikin jajayen awaki."

Na ce, "Ai ita ake fara tayawa."

Ta ce, "Haƙori ba na sayarwa ba ne. Kyansa ya ɓace cikin 'yan'uwansa."

Na ce, "'Yata, ke kin yi karatu, ni na yi kasuwa. Ba a biyan kuɗin fari a karɓi ja."

Ta sake faɗa mini, na sake ƙi. Ta dube ni irin duban da Ruka ke yi mini in na ce na san hanya. Ta ce, "To, bakinka ne."

Ta yi mini allura a dasashi, leɓena ya yi nauyi kamar an rataya masa silifa. Sai ta kunna wani ɗan inji mai kukan sauro, ta shiga haƙa. Ina jin harshena yana leƙa wurin, ramin da na zo da shi ƙarami sai girma yake yi. Na ɗaga hannu, ta tsaya. Na ce, da bakin da rabinsa ba nawa ba, cikewa na zo a yi, ba faɗaɗawa ba.

Ta ce, "Dole in cire duk inda ya ruɓe sai na tarar da mai lafiya. In na rufe a kan ruɓa, za ta ci gaba da ci ta ƙasa, wata rana cikon ya rufta da kai."

Ina kwance baki buɗe na tuna da ramin da ke kan titin ƙofar gidana. Duk sanda wani Babban Baƙo zai wuce sai tifa ta zo ta juye masa jar ƙasa, a bi da ɗan baƙin abu a sama. Ruwan farko ya wanke, ramin ya dawo da ƙannensa. Mun saba har muna gane girman baƙo da yawan ƙasar da aka zuba. Na so in faɗa wa Likita wannan, amma akwai yatsu huɗu da madubi a bakina.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba, don kada mu manta da masu ita. Ta sauka ta tayar da janareto da kanta ta dawo. Ta shafa wani abu mai tsami ta wanke, ta busar, sannan ta fara gini. Ta ɗora ƙullun nan kaɗan, ta haska masa wata shuɗiyar fitila ya daskare, ta ƙara wani ta haska, kamar mai ginin tukunya. Ta goge, ta sa na ciji wata 'yar takarda don ta ga inda ya yi tudu, ta sake gogewa. Ta miƙo madubi.

Jama'a, na ga haske. Na fito ina gaishe da mutanen da ban sani ba.

Ina shiga gida na yi wa Ruka murmushin da rabon da ta gan shi tun muna amarci. Ta matso, ta ƙanƙance ido, ta zaro tsinke daga tsintsiya. Ta ce, "Tsaya, Malam, ƙwayar shinkafa ta maƙale maka."

Na ce hassada ce.

Ranar kasuwa na isa kara hannuwana biyu a sake. Buba ya zo da bijimi ɗaya na gwaji. Wani Alhaji mai lodin shanu zuwa Kudu ya tsaya, na fara yi masa kirarin bijimin: dubi tozo, dubi ƙirji, dubi cinya. Alhaji bai dubi ko ɗaya ba, bakina yake kallo. In na juya dama idonsa ya bi haƙorin, in na juya hagu ya bi shi. Daga ƙarshe ya ce, "Malam Mahmudu, wannan sabon fenti ne?" Mutane suka yi dariya, ya ce bari ya zagaya.

Akwai ƙa'ida a kara wadda kowane yaro ya sani: duk abin da ya cika ƙyalli a jikin dabba, wani abu ake so kada ka gani. In an shafa wa ƙaho mai, duba kofato. In ciki ya yi tumbir da safe, an ɗura mata kanwa da ruwa ne. Ni na fi kowa yi wa mutane wannan wa'azi. Ga shi na zo da ƙaho mai mai a tsakiyar fuskata.

Buba yana naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, a hankali, ba ya kallona. Ya ce, "Kaɗo, da kana kare baki mutane suna zargin akwai wani abu. Yanzu ka buɗe sun tabbatar."

Na ce, "Ba ni kasuwa ɗaya."

Ya ce, "Saboda mahaifina. Ɗaya."

Mai hankali da ya koma wurin Likita a ranar. Ni sai na ce abin da goro ya yi wa sauran zai yi wa wannan. Na sayi jan goro mai yawa, na riƙa taunawa ina tara tuƙar a kan farin haƙorin kamar mai rini a marina. Kwana da kwanaki ina wannan aiki, barci ya ƙaurace mini, zuciyata tana bugawa kamar kalangu. Abin da na samu shi ne, gefen cikon ya kama launi ya yi zobe ja, tsakiyar kuma ta tsaya da farinta. Ya koma kamar idon kifi. Duk wanda na yi wa magana sai ya ga bakina ma yana kallonsa.

Ruka ta ce, "Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ɗauki hularka."

Likita Salome ta ɗaga leɓen, ta daɗe tana kallo. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi zafi. Ta ɗauko allon nan ta riƙe a gabana. Ta ce, "Baba, wane launi za mu yi yau?"

Na ce, "Wanda kika ce."

Ta wanke haƙoran, ta kankare. Abin da ya fita daga bakina zai yi yaɓen ɗan ƙaramin rumbu. A ƙarƙashi sai ga waɗansu haƙora da na yi sallama da su tun ina saurayi, ba farare ba, launin cikin sabuwar ƙwarya. Ta kara allon, can wajen ƙarshe aka sami ɗan'uwansu. Ta cire farin da na yi taƙama da shi, ta sake gini daga farko. Da ta ba ni madubi na nemi wurin na rasa, sai da harshena ya nuna mini. Ta ce in rage goro, in na ci in kurkure baki, in daina fasa ƙashi da buɗe kwalba da shi, in riƙa zuwa ana dubawa. Na amsa da to, har da na goron, Allah ya yafe mini. Na biya kuɗin aiki sau biyu, ni da na zo kada a cuce ni.

Ranar kasuwa Buba ya iso da bijimansa. Ɗayyabu yana tsaye ba nisa, yana ta gyara hula. Buba bai gaishe ni ba. Ya miƙa wa wani sandarsa, ya kama haɓata da hannu ɗaya, ya ɗaga leɓena da ɗayan, a gaban kowa, yadda ake yi wa sa. Na tsaya cak, don mai neman igiya ba ya harbi.

Ya ce, "Wanne ne?"

Na ce, "Nemo."

Ya duba, ya karkata kai, ya ƙwanƙwasa wani da farce. "Wannan."

Na ce, "Wannan tun na haihuwa ne. Shekara nawa kana kiwo?"

Ya sake ni, ya goge hannu a rigarsa. Ya ce wa jama'a, "Tsoho ne, amma bakin zai yi 'yan shekaru." Ya ɗora mini igiyar a tafin hannu. Kafin la'asar bijiman sun hau mota, Buba ya tafi neman hatsinsa.

Ya kamata labari ya ƙare a nan da godiya ga Allah, kuma na gode. Amma bari in faɗa muku abin kunya. Raina bai yi daɗi ba. Ba wanda ya ce mini barka. Ba wanda ya tsayar da ni ya ce wa ya yi maka wannan aiki. Na sha wahala, na sha allura, na biya, kuma duk wanda ya kalle ni gani yake haka Allah ya halicce ni. Har na kama kaina ina jawo hirar haƙori a majalisa, ko wani zai tambaya.

A nan na fahimci Ranka ya daɗe Mai Almakashi, na kuma ji tausayinsa kaɗan. Gyaran gaskiya ba shi da fuska. Wa zai ɗauki hoton ruɓar da aka ƙwaƙule? Wa zai yi wa kujerar da aka haɗa kiɗa, bayan an riga an yi wa ledarta? Shi ya sa suke zaɓen farin kindirmo, a hango daga nesa, ko da ƙasa tana ci. Na shekara ina zaginsu a majalisa, ranar da aka miƙo mini allo ni ma kan na farko na sa yatsa. Laifi tudu ne. Abin da kawai zan ce don kare kaina shi ne, ni da kuɗina na yi wautata, a cikin bakina, kuma da ta fito fili na koma na kwanta aka gyara.

Na tambayi Ruka ko tana da ɗan jan ƙyalle da almakashi a gidan, ta ce in na kuskura za ta tafi gidan ɗanta. Don haka bikin ba zai yi armashi ba. Amma in kun biyo ta kara kuka hango wani dattijo yana washe baki ba dalili, ba taɓuwa ba ce, ƙaddamar da aiki yake yi, ku tafa masa. Akwai ragowar shinkafa a ledar nan, za a raba bayan taro. A tauna a hankali.